Buzun Sarkin Noma

A wani ƙauye, tun zamanin da, ba mai shuka sai Sarkin Noma ya ba da izini. Shi kuwa kafin ya yanke rana, sai ya ce, "Bari in shiga gida tukuna."

Bayan rasuwarsa ruwan fari ya sauka. Dattawa suka taru a zaurensa, suka ce gobe shuka. Matar marigayin ta tona ƙasa da hannu, yadda ta saba yi masa shekara talatin, ta tsaya bayan zana ta ce, "A dakata, damshi bai ratsa ba."

Suka ce, "Mace ba ta sa baki a zaure."

Aka shuka, rana ta ƙone tsiron. Irin da ya rage na shuka ɗaya ne.

Ruwa ya sake sauka, dattawa suka koma zaure. Can ta ji babbansu ya matso jikin zana. "Uwargida, mu shuka?"

Ta ce, "Malam, ai mace ba ta sa baki a zaure."

Tsohon ya naɗe buzun Sarkin Noma, ya yi sallama, ya shimfiɗa mata a tsakar gida. Ta share hawaye, ta zauna, ta ce, "Jibi."