Wa Ya Tone Dashen Malam Bahago?

Ranar Asabar da hantsi, Malam Bahago, tsohon ma'aikacin gandun daji, ya shigo caji ofis ya ce an yi masa sata jiya lokacin sallar Juma'a. Sufeto Dogara ya tambaye shi me aka ɗauka. Ya ce itatuwa uku.

Sufeto ya ajiye biro. Ya sha binciken satar keke da ta rediyo, amma bai taɓa jin an saci itace da ransa ba. Ya ce su je ya gani.

A bayan gidansa, a Limancin Kona, akwai rumfar zana mai sanyi, ƙasarta a jiƙe, da ramuka uku. Malam Bahago ya ce bishiyar dangin kwakwa ce, ko sunan Hausa ba ta da shi. A inuwar wani kurmi kaɗai take fitowa, can kudu, kuma masu katako sun cinye kurmin saura gefe ɗaya. Shi ya taho da 'ya'yanta ya raina. Jibi masana za su zo dubawa, in sun gamsu za a nemi a hana sara a wurin.

Sufeto ya tsuguna. Ba tumɓuke su aka yi ba, an yanko su ne da ƙasarsu, saiwa ko ɗaya ba ta tsinke ba. A bakin rami ya tsinci garin katako ja.

Maƙwabciyar gidan, Hajiya Sailuba, ta daɗe tana ƙorafin ruwan rumfar yana cin katangarta. Ta ce jiya tana ɗaki, ba ta ga kowa ba.

Sufeto ya ce, "Hajiya, wannan shanyar barkonon a bakin ƙofa fa, wa ya kore mata kaji?"

Sai ta ce ta ga a-kori-kurar Alhaji Jibril mai katako a lungun. Ƙanin mijinta ne, shi ya sa ta ɓoye.

A shagonsa na Ƙofar Gayan, Alhaji Jibril ya ce rabonsa da lungun tun sallar layya. Shi da Bahago tare suka yi aikin daji, me zai sa ya cuce shi?

Sufeto ya leƙa cikin shagon. Idonsa na kan wani siririn ruwa da ke gangarowa daga bayan tarin katako.

"Alhaji, tun yaushe ake ba busasshen katako ruwa?"

Ya sa kofur ɗin da ya rako shi ya janye allunan. Ga dashen nan uku cikin rabin durom, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu.

Alhaji Jibril ya zauna a kan benci. Ya ce sauran kurmin nan shi ke da kwangilar sararsa bana, kuma in masana suka ga itatuwan, aikin ya tashi. Niyyarsa ya ƙona su.

"To me ya hana ka?"

"Har na zuba kananzir a kwano, Sufeto. Sai na tuna rabon da in ga irinsu a tsaye tun muna samari. Na kasa."

Aka sa masa ankwa, aka nufi mota da shi. Kofur ya ɗauko durom zai ɗora a buɗaɗɗen bayan motar, inda rana ke duka. Alhaji Jibril ya waigo.

"Kofur, sa su gaba. Ni zan zauna a ranar."