Wanda Ya Amsa Usur

A ƙasan kwazazzabo aka tsinci gawar Malamin Kimiyya, tsakanin dutse na farko da na biyu, usur ɗinsa rataye a wuya. Likita ta ce tun hantsin jiya ya cika, kuma raunin ƙeyarsa ba na faɗuwa ba ne.

Sajan ɗin 'yan sanda ta tara 'yan ƙungiyar hawan dutsen a rumfar masu gadin daji. Rana ta take, zafi kamar ya dafa mutum, amma matar mamacin rawar sanyi take yi. Ƙaninta, wanda kowa ke kira Auta, yana tsaye a kanta, hannuwansa cikin aljihu.

Da Ja-gora aka fara.

"Ni nake gaba, ina ɗaura ƙyalle a rassa don kada wani ya ɓata," in ji shi. "Malam ne ke rufe baya, yana kwancewa. In na busa usur, sai ya amsa."

"Yaushe ya daina amsawa?"

"Ranki ya daɗe, ai bai daina ba. Har la'asar, har kan dutse na uku, yana amsawa."

Matar ta ɗago kai.

"Ko likita ta yi kuskure, yana da rai yana kirana, ni kuwa ina gaba ina ta hira. Ko kuwa kurwarsa ce ta biyo ni. Don Allah ki gaya mini wanne ne."

Sajan ta kira mai ɗaukar hoton ƙungiyar.

Mai Hoto ya yi cacar baki da Malam da safe, bai kuwa musa ba. "Ya ce kyamarata ta fi ni hankali. Wa zai kashe mutum don ya faɗi gaskiya?" Hotunansa sun nuna ƙeyar Ja-gora tun daga gindin dutse har sama. Su biyun suka fita daga zargi.

Sajan ta hau dutsen da kanta. Bishiyoyi sun haɗe kai, haske sai ɗigo-ɗigo, ƙasa tana warin ruɓaɓɓen ganye. Ta duba rassa har ƙololuwar ƙarshe, babu ƙyalle ko ɗaya. Wani ya ci gaba da yi wa matacce aikinsa. Can a baya wani tsuntsu ya yi fito, ba ta waiwaya ba.

Da ta sauko, ta zazzage jakar mamacin. Ƙyallaye ne ja zalla. Sai ta dubi yatsun Ja-gora.

"Me ya rina maka hannu?"

"Jan ne ya ƙare a dutsen farko, na yayyaga wani shuɗin yadi. Da yayyafi ya taɓa shi sai zuba. Sabulu ma ya gaza."

"Kowa ya miƙo hannuwansa."

Aka miƙo, ban da mutum ɗaya.

"Auta, ba ka ji ba ne?" in ji yayarsa.

A hankali ya zaro su. Ashe ya riga ya goge su har sun yi ja, amma shuɗin yana nan a ƙarƙashin farce.

"Kai ne kake gaban Malam," in ji Sajan. "Ka buge shi, ka tura shi ƙasa, ka riƙa amsawa da naka usur ɗin don kada a tsaya nema. Iya nan da ka tsaya, da na sha wuya. Amma a ƙungiyar nan ka tashi, ka san na baya ba ya barin ƙyalle a daji, sai ka bi kana kwancewa."

Auta ya dubi yayarsa. "Yaya, cewa Malam ya yi in mun sauka zai gaya miki. Ranar da Baba ya rasu a mota, ba direba ne ke tuƙi ba. Ni ne."

Matar ta daɗe tana kallon faratansa. Rawar sanyin ta tsaya. Ta juya ga Sajan.

"Ke nan bai kira ni ba?"

"Bai kira ki ba."

Ta gyaɗa kai, ta janye gefen mayafinta daga inda yake taɓa ƙafar ƙaninta.