Sunan da Suka Liƙa wa Marka

Wata bakwai ke nan Marka tana soya kifi a bakin kasuwar Malanville ba mai saye! Ta hura wuta da hantsi, ta kwashe kayanta da la'asar, ta koma ɗakin da ba kowa sai tabarma da takalman ɗiyarta Hafsat. Wayyo Marka, baiwar Allah! Ko sallamarta maƙwabta sun daina amsawa.

Tun ranar da mutum biyar suka ci kifinta suka kwanta amai, har tsoho Na-Allah ya cika, sunanta ya ɓata, sai Mai Guba. Ita da ta san guba a bakin kakarta kawai, tsiron daji da akuya kan ci ta kumbura, abin da ake gargaɗin yara da shi... yau ga shi da kalmar ake kiranta! Faruku, ƙanen marigayi mijinta, shi ya kawo mata kifin daga ƙauyen Garou, kuma shi ya fara ɗaga murya. Ya zo ya fizge Hafsat daga jikinta.

"Ɗiyar wana ba ta ƙara cin abincin hannunki!"

"Faruku, ka dubi Allah! Kifin nan kai ka kawo shi..."

"Ni na soya shi?"

Ta bi babur ɗinsa da gudu, zane na harɗe ta, yarinya na "Inna! Inna!" har suka ɓace. Kullum bisa sallaya kukanta ɗaya: "Ya Allah, Kai kaɗai Ka ga hannuna."

Rannan da azahar masuntan Garou suka ga kifi birjik saman wani tafki, ciki sama. Suka bi gaɓa a hankali... sai ga Faruku yana tuttula maganin ƙwarin albasa cikin ruwa, don ƙyuyar jefa taru! Tir da wannan hali! Jandarma suka tasa shi gaba ta tsakiyar kasuwa, ya amsa da bakinsa cewa ya daɗe yana haka, har kifin da ya kawo wa Marka haka ya kama shi.

Washegari surukarta Na'inna ta iso riƙe da Hafsat, kai a sunkuye.

"Marka, mun zalunce ki. Ki yahe muna."

Marka ta dubi ɗiyarta. Yarinyar ta rame, ta tsaya nesa tana kallon kasko.

"Inna, sun ce in na ci naki mutuwa zan yi... amma yunwa nike ji."

Marka ta ɓare kifi, hawaye na zuba. Ta zare ƙayar ɗaya bayan ɗaya, ta sa mata tsokar a baki.