Makin Auta

"Maki huɗu ne fa kacal, 'yata. Huɗu..."

Mama ce ke magana, tana zaune a kujerar baƙi ta ofishin Malama, jakarta a kan cinya. Tsakaninsu tulin takardun jarrabawar Fiziks ta 'yan aji ɗaya ne, an ɗaure su da roba, ana jiran a miƙa sakamako ga shugaban sashe.

Malama ta sunkuyar da kai. Da wani ne ya zo da wannan roƙon, da tuni ta sallame shi cikin ladabi. To amma surukarta ce, matar da ta goya mata jaririya lokacin da take karatun digiri na biyu, ta kuma toshe bakin duk wanda ya ce mai goyo ba ta da abin nema a jami'a. Wadda ake roƙon dominta kuwa Auta ce, ƙanwar mijinta, mai burin zama likita. Ba a wucewa can sai an ci Fiziks.

Ta yi wa Mama bayani a tsanake. Tun farkon zango ta sanar da sashe cewa ƙanwar mijinta na cikin ajin, don haka wani malami ne ya duba takardar, ita ma ta bi bayansa ta karanta. Auta ta haddace ƙa'idojin motsi tas, amma da aka tambaye ta me ke riƙe akwati a kan gangare har ya ƙi sulalewa, sai ta juye haddar gaba ɗaya ba ta ko taɓa tambayar ba. Wajen tambayar yadda igiyar sauti ke tafiya kuwa fili ta bari fari fat.

"Amma ai ke ce mai shigar da sakamakon," in ji Mama.

"Ni ce, Mama... shi ya sa ba zan iya ba. Akwai yaran da maki biyu ya kayar, ba su da kowa a ginin nan."

Mama ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce ta gode. Malama ta gwammace a ce zaginta ta yi.

Da ta koma gida ta tarar da mijinta, wanda kowa ke kira Dogo, ya dawo daga kantin maganinsa yana cire wa 'yarsu takalmi. Ta fara ba shi labari, kuka ya ci ƙarfinta. Bai katse ta ba. Abu ɗaya ya tambaya, ko akwai damar sake jarrabawar bayan hutu. Ta ce akwai. Ya ce ta bar shi da Mama.

Abin mamaki, ba a jima ba Mama ta kira ta a waya da fara'arta ta da, tana tambayar lafiyar jikarta. Dogo kuwa ko gaisuwarsa ta daina amsawa. Ya je ya durƙusa, ta juya masa ƙeya, ya dawo yana murmushin yaƙe yana cewa tsufa ne kawai.

Auta ce ta fasa ƙwan, ranar da ta zo karɓar littattafanta, idanunta a kumbure.

"Anti, ashe ba ki sani ba? Yaya ya ce wa Mama har kin ɗauki biro za ki gyara, shi ya hana ki."

Malama ba ta san lokacin da ta isa kantin ba. Ta tsaya gefe har ya gama auna wa wata tsohuwa hawan jini, sannan ta matso ta tambaye shi me ya sa ya ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba.

Ya ɗan jima yana jera kwalaben da suke a jere tun safe.

"Ni ita ta haife ni, fushinta da ni ba ya zuwa ko'ina. Ke kuwa, Malamata... kin riga kin binne uwa ɗaya. Ba zan zuba ido ki rasa ta biyu a kan maki huɗu ba."

Ta dafa kanta, hawaye na zuba, ba ta damu da masu shigowa ba. Tun rasuwar mahaifiyarta ba ta taɓa gaya masa yadda take jingina da Mama ba. Ashe yana gani.

Duk da haka ta ƙi yarda a zauna a kan ƙarya. Washegari ta je gidan Mama, ta durƙusa a gabanta, ta ce ba ta taɓa ɗaukar biro ba, kuma ko yau aka dawo da maganar amsarta ɗaya ce. Ta jira tsawa.

Mama ta yi 'yar dariya mai haɗe da ƙwalla.

"Kin ɗauka ban san abin da na haifa ba? Tun yana yaro in zai yi ƙarya kunnensa yake sosawa. Kunya ce ta kama ni, 'yata, na rasa inda zan sauke ta, sai ga shi ya miƙo wuya." Ta kamo hannunta ta tashe ta. "Ki koya wa Auta. Shi ya kamata in roƙa tun farko."

Haka hutun ya ƙare a falon Malama. Ta hana Auta buɗe littafi sai ta fara gani da ido. Ta ɗora kwalin ashana a kan faranti tana karkata shi a hankali, har Auta ta gane da kanta cewa gogayya ce ke riƙe da kwalin, da kuma inda take gazawa. Ta kwance igiyar shanya, ta ƙulla jan ƙyalle a tsakiya, ta sa Dogo ya riƙe ɗaya bakin yana mitar an mayar da shi turke. Ta kaɗa igiyar, tudu ya ruga har hannunsa, ƙyallen kuwa sama da ƙasa kawai yake yi.

Auta ta zaro ido. "Ashe igiyar ba ta zuwa ko'ina... motsin ne ke tafiya!"

Wani lokaci a yi faɗa, Auta ta yi fushi ta ce kanta ba na lissafi ba ne. Mama, da ke gefe tana yi wa jikarta kitso, ta ce ta koma ta zauna tun kafin ta taso mata.

Ranar jarrabawar Malama ko kusa da zauren ba ta je ba, kuma wani ne ya sake dubawa. Sakamakon da ya fito ba na a buga a jarida ba ne, amma ci ne mai tsabta. Auta ta shigo da gudu ta faɗa jikin Malama, Mama kuwa ta yi ta sa albarka har muryarta ta dushe, ta haɗa har da Dogo, wanda ta ce ta yafe masa saboda darajar matarsa.

Da su Mama suka tafi, Malama ta same shi yana mayar da igiyar shanya wurinta. Ta tsaya a bayansa, ta ce ta gode, a hankali, kamar mai tsoron kada kalmar ta yi kaɗan.

Ya juyo yana dariya. "To ni fa, Malama? Maki nawa na samu?"

"A ƙarya dai ka faɗi warwas, masoyina."

"Sauran fa?"

Ta matso kusa da shi. Ta riƙe hannunsa da hannayenta biyu, ta kwantar da kanta a ƙirjinsa, suka daɗe a haka.