Rigar Uwar Amarya a Jikin Uwar Ango

A tafiyar jirgin ruwan nan Gu Malsun ta yi asarar abu biyu: takalmanta na roba da suka tsufa suna taka ruwan kifi, da kirarin da ake yi mata a kasuwar Busan, wai ba a taɓa kayar da ita a ciniki ba. Abin da ta samo kuwa 'ya ce, da wata riga wadda ba launinta ba. Har gobe in ka tambaye ta, cewa za ta yi ita ta ci riba.

Ranar da maganar ta fara, tana zaune a tsakar ɗaki ta baza jarida tana ɓalle kawunan ƙananan busassun kifi, sai ɗanta Dongha ya shigo yana murmushi. Shi kaɗai ta haifa. Tun yana rarrafe teku ta cinye ubansa, ita ta rene shi da wuƙar fiɗar kifi.

"Umma, mahaifin Yerim ya kama mana ɗakuna a jirgin shaƙatawa, zuwa Japan mu dawo. Ya ce a can iyaye za su ga juna."

"Wa zai biya?"

"Shi mana. Komai kyauta ne."

"Kyauta! Kai Dongha, ka taɓa ganin kifin da aka ba shi tsutsa don ana son sa? Da ƙugiya a ciki."

"Haba Umma!"

"Babu haba. Attajirin Seoul mai 'ya ɗaya tilo, babu ɗa namiji, matarsa ta mutu. Me yake nema? Ɗa yake nema, kuma nawa ya hango. Su ɗauke ka su kai gidansu, ni in zauna da bango. To wa zai jera wa ubanka abinci ranar tunawa da shi? Kyanwar maƙwabta?"

Dongha ya yi rantsuwa, ya yi magiya. Shekara uku ke nan yana son Yerim, kuma ya ce ba zai aure ta ba sai da yardar uwarsa. Daga ƙarshe Malsun ta karkaɗe zaninta ta ce za ta je, amma ba don ta amince ba. Za ta je ne ta ga ƙugiyar da idonta.

Tun daga ƙofar jirgin hankalinta bai kwanta ba. Wata mata mai farin kaya, mai kula da ɗakinta, ta tare ta da fara'a ta kira sunanta.

"Wa ya gaya miki sunana?"

"Aikinmu ne mu sani, ranki ya daɗe."

"Aikinku ko aikin wanda ya aiko ku?"

Matar ta yi murmushi kawai. Murmushin ma bai yi wa Malsun ba, don ta san irinsa, shi take yi wa mai saye ranar da kifi ya kwana. In ta fita ta dawo sai ta tarar an gyara gado, an naɗe tawul kamar agwagwa, an ajiye alewa a kan matashi. Ba ta ci ko ɗaya ba, ta tara su a aljihun jaka don shaida.

Da yammacin farko ta nufi babban ɗakin cin abinci da wandonta mai furanni da takalman roba. Wani dogon mutum mai farar safar hannu ya sha gabanta, ya rusuna har kamar zai karye.

"A yi haƙuri, ranki ya daɗe. Ba a shiga nan da irin wannan takalmin. Akwai wurin cin abinci a sama, can babu doka."

"Takalmin ne zai ci abincin ko ni?"

Mutane suka waiwayo. Dongha ya rasa inda zai sa kansa. Yerim, siririya mai sanyin murya, ta matso da sauri ta kama hannunta.

"Mama, mu je sama tare. Ni ma na fi son can, ya fi iska."

Malsun ta zare hannunta. A ranta ta ce, ai dama an shirya. A fara kunyata ta, a nuna wa ɗanta cewa uwarsa ba ta isa zama da manya ba, sannan a zo da lallashi. Ta hau sama ta ci shinkafa da miya ita kaɗai, ta ƙi kowa ya zauna kusa da ita.

Washegari zarginta ya samu ƙafa. Ta dawo ɗaki ba zato, ta tarar da mai farin kayan nan ta shimfiɗa rigar Malsun a gado tana gwada ta da tef ɗin awo. Matar ta diririce, ta ce guga za ta yi. Guga da tef! Da rana kuma ta hango su a lungu, matar da Yerim, suna ƙus-ƙus, yarinyar tana nuna tsawon wani abu da hannu. Da suka gan ta sai kowacce ta kama gabanta.

"Dongha, yarinyar nan tana ƙulla wani abu."

"Umma, don girman Baba ki bari. Gobe ne dinar kyaftin ɗin jirgi, kowa zai yi kwalliya, a teburin nan ne za a yi maganarmu. Ni dai ki ce min me za ki saka."

"Fatar jikina. Ita ma akwai dokar da ta hana?"

Gaskiyar magana, ba ta da abin sakawa. Hanbok ɗinta, kayan gargajiya na fita biki, asu ya cinye shi tun bara, kuma girman kai ya hana ta faɗa.

Da la'asar ɗin ranar dinar ta buɗe ɗakinta, sai ga shi shimfiɗe a gado: hanbok na siliki, gajeriyar riga da dogon siket, yana ɗaukar ido. Ruwan hoda.

Ta ƙura wa launin ido. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san uwar ango shuɗi take sakawa, ruwan hoda na uwar amarya ne, wadda ake ɗauke wa 'ya a kai gidan wasu. Ashe ga ƙugiyar! Ba su ma tsaya ɓoye-ɓoye ba, sun ɗinka mata amsar sun ajiye a gado.

Ta cukuikuye kayan ta fita, takalman roba suna ƙara a kan kafet. Ta same su a falon da ke gaban ɗakin cin abinci: Dongha cikin baƙar kwat, Yerim cikin doguwar riga, da mahaifinta Mista Seo, dattijo mai furfura wanda bai cika magana ba. Ta watsa kayan a kan tebur.

"Ga tsiyarku! Ni za a mayar uwar amarya? Ɗana ne amaryar, ko? To ku ji da kyau, namiji na haifa, kuma ba na sayarwa ba ne. Dongha, jirgin nan yana tsayawa ka ɗauko jakarka. Babu aure!"

"Umma, mutane suna kallo—"

"Su kalla! Ai sun biya kuɗin kallo."

Yerim ta toshe bakinta, hawaye suka zubo. Amma Mista Seo ko kallon Malsun bai yi ba. Idonsa yana kan silikin. Ya miƙa hannu a hankali ya shafa bakin rigar.

"Yerim, wannan ai na mahaifiyarki ne. Yaushe kika ɗauko shi?"

Yarinyar ta durƙusa a ƙasa, a gaban kowa.

"Ka yafe ni, Baba, ban gaya maka ba." Ta juyo wajen Malsun. "Mama, mahaifiyata ce ta sa aka ɗinka shi tana kwance a asibiti, ta ce shi za ta saka ranar aurena. Ba ta saka ba ko sau ɗaya. Na taho da shi ne don in ji kamar tana wurin. Da na ga abin da aka yi miki a ƙofar nan shekaranjiya, ban iya barci ba. Sun ce kayan gargajiya suna shiga ko'ina. Na san in na sayo miki sabo a kantin jirgi ba za ki karɓa ba, za ki ce sadaka ce. Shi ne na kai wa telan jirgi ya rage shi daidai ke. Na san launin ba naki ba ne. Na yi zaton... ni dai ba ni da wadda za ta saka min shi."

Malsun ta kai hannu kan kayan. A kasuwa ta koyi cewa baki yana ƙarya, kaya ba sa yi. Ta ɗaga siket ɗin kamar yadda take ɗaga kifi, ta juya cikinsa. Ta sansana, ƙanshin kafur na kayan da suka daɗe a akwati. Ta bi ɗinkin da farce: na sama tsoho ne, zaren ya fara rawaya, na bakin ƙasa kuwa sabo fil. Kuma ba naɗe shi aka yi ba, yanke shi aka yi, kusan taƙi guda, domin marigayiyar doguwa ce ita kuma gajera. Abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Wanda ya zo da niyyar ƙwace ba ya fara yanka abin da ya fi so a duniya.

"Ke wace irin sakarya ce?" in ji Malsun. "Siliki irin wannan a sa masa almakashi? Ba ki san ana naɗewa ba?"

"Telan ya ce zai yi miki nauyi a ƙafa."

"Telan banza! Tashi daga ƙasa, kina ɓata rigarki. Zo ki ɗaura min, hannuna ya manta yadda ake ƙulla igiyar."

Da suka dawo, dogon nan mai safar hannu ya rusuna ya buɗe ƙofa. Malsun ta tsaya, ta ɗage siket ta nuna masa takalman roba, ta tuɓe su ta ɗora masa a hannu.

"Riƙe min. Kuma na san yadda na ba ka su."

Ta shiga da farar safa, kai a sama. Takalman dai ba ta sake ganinsu ba, wai masu shara sun ɗauka tarkace ne suka zubar.

Zargi kamar gishiri yake, kaɗan yana hana kifi ruɓewa, in ya yi yawa ba mai iya ci. Ita kuwa Yerim, da ta rama ko da kalma ɗaya, da auren ya nutse a tekun nan. Haƙurinta ne ya saye abin da dukiyar ubanta ba ta isa saye ba.

Amma Malsun ba ta taɓa sallama kaya babu ciniki ba. Da aka kawo miya, ta ture cokulan da aka jera mata, ta fuskanci Mista Seo.

"To surukina, mu yi magana. A ina za su zauna?"

"Na so a ce Seoul. Gidan ya yi min girma."

"Busan."

"Aikin Yerim yana Seoul."

"Kifi ma yana Busan, bai hana ku ci ba."

Dongha ya ƙware da ruwa. Aka ja, aka saki, har miya ta huce. Malsun ta dubi yarinyar, idanunta har yanzu jajaye, ta dubi hannun rigar da ke jikinta, sannan ta daki tebur.

"Shi ke nan, na sallama, su zauna Seoul ɗin. Amma ga farashina, kuma ba ragi. Ranar tunawa da uban Dongha, duk shekara, a ɗakina za a yi, ku ukun duka, har kai surukina. Ranar tunawa da mai wannan rigar, ni zan hau jirgin ƙasa in zo in dafa, don na ga 'yarta hannunta bai iya aiki ba. Ranar biki kuma kyandir biyu ake kunnawa, shuɗi na uwar ango, ja na uwar amarya. Duka biyun ni zan kunna. Ke kuma, daga yau kada in sake jin Mama a bakinki. Umma za ki ce, kamar yadda wannan sakaran yake faɗa. In kun yarda, a kawo naman."