Bugun Zuciyar Don Pancracio

Layin da ke kan allo ya miƙe sambal, na'urar ta ɗauki ƙara, ƙiiii!

"Ya mutu!" wata ɗaliba ta faɗa daga baya.

Yurleidis ta ƙura wa allon ido. Yau ce jarrabawarta ta ƙarshe a makarantar jinya ta birnin Barranquilla, in ta faɗi sai baɗi. Ga Don Pancracio kwance a gabanta, mutum-mutumin roba da suke koyon karanta bugun zuciya a jikinsa, ya saki baki kamar mai jiran fanke.

Wilfrido, ma'aikacin makarantar, shi ne ke sarrafa shi daga bayan gilashi, yau ya sa zuciyar ta yi gudu, gobe ta yi tsallake, har magana yake yi ta bakinsa. Shekara biyu suna son juna shi da Yurleidis. Amma Maryuris, wata ɗaliba da ta so shi bai kula ta ba, ta kai tsegumi wai yana satar wa Yurleidis amsa. Shi ya sa yau Malama Zoila ta tashe shi ta zauna da kanta, shi kuwa aka bar shi a ƙofa kamar an aiko shi.

Yurleidis ta haɗa hannuwa za ta fara danna ƙirji, sai ta tuna maganar Wilfrido ta kullum: "Sarauniyata, allo yana ƙarya. Taɓa mutum tukuna."

Ta kai yatsu biyu wuyan Don Pancracio.

Dum... dum... dum...

"Malama, da ransa! Zuciyarsa lafiya lau take bugawa!"

Ta yaye rigarsa, sai ga ɗaya daga cikin wayoyin na'urar ta saki tana reto. Tana mayar da ita layin ya ci gaba da rawarsa.

Malama Zoila ta fito tana gyara tabarau.

"Ni dai ban danna wannan ba. Wa ya taɓa shi kafin ke?"

Ido ya koma kan Maryuris, ta hau kame-kame. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa!

"Ki same ni a ofis," in ji Malama, sannan ta juya ga Yurleidis. "Da mutum ne, da kin karya masa haƙarƙari a banza. Kin ci, 'yata!"

Ihun ɗalibai ya shigo da Doña Ofelia, mahaifiyar Yurleidis, da ke soya wainar masara da ƙwai a bakin makarantar. Ita ce fa ta rantse ba za ta ba ƙaton da ke wasa da 'yar tsana 'yarta ba, likita take so.

"Wa ya koya miki taɓa wuya kafin allo?" Malama ta tambaya.

"Wilfrido ne..." Yurleidis ta amsa tana satar kallon uwarta.

Doña Ofelia ta taɓe baki. Sai kawai Don Pancracio ya yi gyaran murya.

"Doña Ofelia, ranki ya daɗe! Ni dattijo ne, na mutu ya fi sau dubu a ɗakin nan, yaron nan ke tashe ni. Na zo nema masa aure."

"Wayyo Allah!" Ta yi tsalle, saura kaɗan kwandon wainar da ke hannunta ya kife.

Ɗakin ya ɓarke da dariya. Ashe Wilfrido ya lallaɓa bayan gilashi. Ya fito yana gumi, ya ciro wayoyin daga ƙirjin roba ya manna a nasa.

"Mama, ban iya daɗin baki ba. Ki duba da kanki."

Layin ya hau sukuwa, lambar bugun zuciya ta nuna ɗari da arba'in.

"Ke malamar jinya, wane ciwo ne wannan?" Doña Ofelia ta tambayi 'yarta.

"Tsoronki ne, Mama."

"Ba kun ce allo yana ƙarya ba?"

Doña Ofelia ta goge mai a zaninta, ta ɗora yatsu biyu a wuyansa yadda ta ji an ce 'yarta ta yi. Can ta yi tsaki, amma idonta ya ciko.

"Wannan ba roba ba ne. Ke, zo ki riƙe abinki kafin ya mutu mana a nan!"

Yurleidis ta ruga ta kama hannunsa, tana dariya tana hawaye.

"Hasken idona, kwantar da hankalinka mana..."

Ina! Lambar sai ta haye ɗari da hamsin.