Ba Komai, In Ji Auta

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, tana tsaye cikin taɓo har idon sawu, keke na kwance a gefenta, tayar baya na ta juyawa ita kaɗai. Hanyar tsakuwar da ta ratsa fadama ce ta gangara wani kwari da ruwa ya cinye. Ta shiga da gudu, ta danne birki, keken ya watsar da ita.

Shi ma a kan keke yake. Ma'aikacin hukumar ruwa ne, kullum da safe yana bin gaɓar kogi yana duba sandunan da aka kakkafa don auna tashin ruwa.

"Sannu, baiwar Allah. Kin ji ciwo?"

"Ba komai."

"Gwiwar hannunki na jini fa."

Ta duba. Jini ne kuwa. Ta tsaya tana kallonsa kamar a hannun wata yake zuba.

Tun rasuwar Yayanta haka take. A kantin maganin da take aiki tana miƙa wa mutane ƙwayoyi, tana cewa Allah ya sawwaƙe, amma muryar kamar daga wani ɗaki take fitowa. Keken na marigayin ne, mai faffaɗar taya. Ta sauke sirdin, ta fara fita da shi don kawai ƙafafunta su gaji ta samu barci.

Dogo ya mayar mata da sarƙa, ya goge hannu a ciyawa.

"In kin shiga laka kar ki taɓa birki, ki ci gaba da taka feda. Kuma keken nan ya yi miki tsawo."

"Na Yayana ne."

Ya kalle ta, bai ƙara tambaya ba.

Daga nan suka riƙa haɗuwa. Hanyar siririya ce, sai ya bar ta a gaba, ya raɗa mata suna Direba. Ya koya mata nuna rami da hannu don na baya ya kauce. Suna ratsa dogayen ciyayi, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya, balbelu na tashi a gabansu. Shi ke surutun. Akwai wani zalɓe da ke tsayuwa a kan sandarsa, ya ce ogansa ne ya zo duba aiki. Ba ta dariya, amma ba ta taɓa makara ba.

Da yamma saƙonsa zai shigo: "Direba, ruwa ya ja baya, gadar katako ta fito. Gobe in Allah ya kai mu? Fasinjanki."

"To."

"Wannan 'to' ɗin sai na sa shi a firam kamar hoto."

Maƙwabta suka kai wa Baba labari. Ya kira ta falo, ya rage ƙarar rediyo.

"Auta, mene ne tsakaninki da dogon nan na bakin kogi?"

"Ba komai, Baba."

"Madalla. Ni ba zan ba da 'yata ga wanda aka tsinto a taɓo ba. Ɗan abokina, likitan haƙoran nan, yana so ya zo ku gaisa. Da matsala?"

"Ba komai."

A ranar Dogo ya rubuto: "Direbata, ina so in turo Kawu wajen Baba. Me kika ce?"

Ta daɗe da wayar a hannu, tana lalubar abin da ya kamata mace ta ji a irin wannan lokaci. Ba ta samu ba. Yatsunta suka rubuta abin da suka saba: "Ba komai."

Dogo ya ɗauka an amince. Kawu ya zo da fara'arsa, Baba ya tare shi da cewa, "Yarinya da bakinta ta ce ba komai tsakaninsu."

"Kawu ya dawo, na ji saƙo," in ji Dogo a waya. "Allah ya ba ki wanda ya fi ni. Ki riƙa sa wa sarƙar nan mai, tana kuka."

Bai sake rubutowa ba. Ya mayar da aikinsa tsallaken kogi.

Likita ya zo da mota mai ƙamshi. Mutumin kirki ne. Ya yaba haƙoranta, ya ce zai sayo mata keken motsa jiki na cikin ɗaki, ta huta da sauro. Ta yi godiya, ta raka shi ƙofa.

Ta ci gaba da fita ita kaɗai. Fadamar na nan yadda take, ita ma haka. Sai wata safiya a kan kwana ta hango rami, ta miƙa hannu ta nuna shi. Hannun na sama ta tuna ba kowa a bayanta.

Ta tsaya. Wani abu ya ɗan tsunkule ta a ƙirji, kaɗan ne, kamar ƙafar da ta yi sanyi ta fara farfaɗowa. Ta juya keken ta nufi gadar katako.

Ta same shi tsugune a bakin ruwa, wando a naɗe.

"Dogo, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban san ko ina sonka ba. Tun da Yaya ya tafi ba na jin komai. Amma yau na nuna wa iska rami."

Ya miƙe a hankali. "Amsa ɗaya kika raba mana, ni da Baba da Likita. Wacce ce tawa?"

"Taka ita ce ta eh."

"To don Allah ki nemo wata kalmar ki kai wa Baba. Kawu ya rantse ba zai sake sa sabon takalminsa a banza ba."

Da laka da komai ta turo keken har falo.

"Baba, ba daidai na faɗa maka ba. Akwai wani abu. Dogon nake so ka ba ni."

Baba ya kawar da kai daga keken. "Ɗa guda na binne, Auta. Duk safiyar da kika fita da abin nan, zaune nake ina jiran ƙarar ƙofa."

"A da ba ni kaɗai nake tafiya ba, Baba. Yanzu ne nake ni kaɗai."

Mama ta leƙo daga kicin. "Baban Auta, rabon yarinyar nan da ta ce tana son wani abu a gidan nan, ka tuna?"

Baba ya dawo da kallonsa kan keken. Sannan ya miƙa hannu ya shafa sirdin, inda ya goge saboda zaman mai shi.

"Ya zo in gan shi. Amma ya wanke ƙafa."

Ranar ɗaurin aure ƙawaye na ta shewa, ita tana zaune cikin kwalliya tana jiran murnar da ake faɗa. Murnar ba ta zo a lokaci guda ba. Baba ya ɗora hannunta a na Dogo.

"Ga ta nan. Ba ta da yawan magana, ka riƙa tambaya sau biyu. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya jiƙan wanda bai ga wannan rana ba."

Aka amsa da amin.

Da la'asar 'yan rakiya suka watse, suka bar su a sabon ɗaki mai warin fenti, akwatuna jibge a kusurwa. Ta zauna a bakin gado, ta dafa ciki da mamaki.

"Dogo."

"Na'am, amaryata."

"Yunwa nake ji. Sosai fa."

Ango ya kwasa da gudu zuwa kicin, ko takalmi bai tsaya nema ba.